Daga ƙunzugu zuwa audugar kanti: tarihin haila da karatun ƴan mata a kudancin Nijar

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2014, ranar 28 ga watan Mayu ta zama ranar da ake tarurruka a ƙasashe da dama domin tattauna tsabtar mata a lokacin haila. Wata ƙungiya ta ƙasar Jamus mai suna WASH United ce ta ƙirƙiro ranar, an kuma zaɓi 28 ga wata na biyar ne saboda yawancin mata kan ga jini bayan kamar kwana 28, ya kuma ɗauki kamar kwana 5. A nan Nijar ma akan raya ranar, a raba wa ɗalibai audugar mata, a yi jawabai a kan abin da ake kira précarité menstruelle da faransanci, watau halin macen da ba ta da abin tare jini, ko ruwa da sabulu, ko wurin da za ta keɓe ta gyara jikinta.

A cikin irin waɗannan jawabai akan ɗora laifin matsalar a kan abu biyu da ake haɗawa a baki ɗaya, al'ada da addini, sai ka ce haka abin yake tun fil azal. Manufar wannan takarda ita ce mu duba zancen da idon tarihi. Abin da muke so mu nuna shi ne, matsalar a siffar da muka san ta yau tana da lokacin da ta soma. Ta taso ne sa'ad da aka fitar da ƴan mata masu yawa daga cikin gida, inda akwai wani tsari na tafiyar da haila ko da yake yana da nasa aibi, aka kai su lakwal, wadda aka gina ba tare da an yi tunanin jikin ƴa mace ba. Za mu tsaya a ƙasar Hausa ta kudancin Nijar, watau Katsinar Maraɗi da Gobir da Damagaram da Adar da Arewa. Za mu fara da kalmomi, mu bi ta littattafan fiƙihu da tattalin gida, sannan mu zo kan lakwal da kasuwa.

1. Sunayen da ake sakayawa

Kalmar haila daga larabci Hausa ta aro ta, kuma a bakin malamai aka fi jin ta. A cikin gida sakayawa ake yi. Akan ce mace tana al'ada, ko tana wanki, ko ta ga wata, ko tana fashin salla, ko kuwa a ce ba ta da tsarki. Idan muka dubi waɗannan sunaye za mu ga kowanensu yana nuni da wani gefe na abin. Wata yana nuni da lokaci, fashin salla yana nuni da hukunci, shi kuwa wanki yana nuni da aiki, domin kuwa kwanakin haila kwanaki ne na wanke tsumma a ɓoye.

Wanda ya fi bukatar mu tsaya a kansa shi ne na ƙarshe. A wurin malaman fiƙihu, rashin tsarki a nan hali ne na shari'a da ke hana wasu ibadu har a yi wanka, kamar yadda janaba take hana namiji. Jinin shi ne najasa, jikin mace da zufarta da abincin da ta dafa duk masu tsarki ne. Amma a bakin jama'a ma'anar takan zame daga rashin tsarki zuwa ƙazanta, daga nan kuma a shiga ƙyamar mutum ɗungum. A wannan ƴar tazara da ke tsakanin ma'anar malamai da ma'anar titi ne mafi yawan tsangwamar take zaune.

Sai kuma kunya. Mun san cewa a ƙasar Hausa uwa tana kunyar ɗanta na fari ko ƴarta ta fari, har ba ta faɗin sunansu, kuma ko ga sauran ƴaƴa ba kasafai take buɗe baki a kan zancen balaga ba. Wannan bai sa an bar yarinya cikin duhu ba a tsarin dā, saboda akwai waɗanda aka ɗora wa aikin: kaka, wadda ke da wasa da jikarta, da gwaggo, da yaya, da ƙawaye. Ke nan kunyar uwa tana tafiya ne tare da sakin bakin kaka. Tsarin yana aiki muddin waɗannan mata suna zaune a gida ɗaya ko unguwa ɗaya. Za mu ga abin da ya faru da shi da aka soma tura yarinya karatu wani gari.

2. Abin da littattafan zaure suka tanada

Duk wanda ya zauna a zauren malami a Damagaram ko Tawa ya san jerin littattafan da ake bi: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har zuwa Muhtasar. Babu mai wuce Ahalari bai karanta babin haila ba. Wannan ɗan littafi, wanda Abdurrahman al-Ahdari na ƙasar Aljeriya ya rubuta a ƙarni na 16, ya kasa mata kashi uku, mai farawa da wadda ta saba da mai ciki, ya ba kowace lissafinta. Mafi yawan kwanakin mai farawa 15 ne. Wadda ta saba za ta bi kwanakinta, idan jini ya zarce ta ƙara kwana 3, muddin ba ta haura 15 ba. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996, ta yi bayanin alamomin ɗaukewar jini filla-filla, alhali kuwa domin koyar da yara aka rubuta ta.

Abin da mazhabar Malikiyya ta hana mai haila sananne ne: salla, azumi, ɗawafi, shiga masallaci, taɓa Alƙur'ani, da saduwa da miji. Za ta rama azumi, ba za ta rama salla ba. Amma akwai abubuwa biyu da ba a cika ambatawa ba, kuma su ne suka fi shafar zancenmu. Na farko, Ahalari ya bayyana cewa ya halatta ta yi karatun Alƙur'ani da ka. Na biyu, Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, ya yi sauƙi ga mai koyarwa da mai koyo su riƙe allo ko da suna cikin haila. Dalilin da masu sharhi suka bayar shi ne, kwanakin suna da yawa kuma suna dawowa kowane wata, idan aka dakatar da ita za ta manta abin da ta hardace. Watau tun fiye da shekara 600 da suka wuce malaman wannan mazhaba sun hango cewa haila tana iya katse karatun mace, suka kuma toshe wannan ƙofa.

Haka nan a cikin hadisai ba mu ga ɓoye-ɓoye ba. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo cewa matan Madina sukan aika wa Nana A'isha ɗan ƙunshin auduga mai ɗauke da alamar jini domin ta gaya musu ko sun yi tsarki. An kuma ruwaito ta tana yabon matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar addininsu ba. Daga nan ne maganar nan da kowa ya sani ta samo ƙarfi, cewa babu kunya a addini.

Sai dai abin da ke cikin littafi daban, wanda ya isa kunnen mata daban. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a shekarar 1754, ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albabi da cewa suna karantar da almajiran waje suna barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, ba su san ko hukuncin tsarki da salla ba. Ƴarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin ƴan taru, inda jajis suke kai ilimi ga matan ƙauyuka. Amma mu tuna cewa yawancin ƙasar da muke magana a kanta ba ta shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba. Katsinawa da Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya su ne suka kafa Maraɗi da Tsibiri, Damagaram kuma Barno take kallo. A waɗannan wurare bori ya ci gaba da ƙarfinsa a ƙarƙashin Iya a Maraɗi da Inna a Gobir, kuma Azna suna nan da tsafinsu. Saboda haka mace takan tashi da hukunce-hukunce iri biyu a cakuɗe. A gefe ɗaya ga na fiƙihu, a ɗaya gefen ga imanin cewa jinin haila yana karya magani da laya, kuma maƙiyi zai iya yin sammu da tsumman mace ya hana ta haihuwa. Wannan tsoro na biyu, wanda ba shi da tushe a Ahalari ko Risala, shi ne ya sa ake ɓoye tsumma har a ƙi shanya shi a rana.

3. Ƙunzugu da lissafin watanni

Abin da kakanninmu mata suka yi amfani da shi shi ne ƙunzugu: tsumma da ake naɗewa a ratsa tsakanin ƙafafu, a soke shi gaba da baya a jikin igiya ko ɗamara a ƙugu. Daga tsohon zane ake yago shi. A ƙasar da mata suke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare, masaƙa kuma su saƙa, tufafi dukiya ce mai daraja, ba a kuma yar da zane sai ya bi matakai: daga na fita ya koma na aikin gida, daga nan ya zama goyo ko shimfiɗar jariri, ƙarshensa tsumma. Sabulun salo da toka su ne kayan wanki. Ke nan ba a sayen kome musamman domin haila, daga abin da gida ya riga ya mallaka ake cire ta.

Ginin gida ma ya taimaka. Akwai zaure da ke tare baƙi maza, akwai cikin gida inda mata suke, akwai makewayi a bayan ɗaki. Mace tana iya tashi daga daka ko kaɗi ta kewaya ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Barbara Cooper, a cikin littafinta kan tarihin aure a Maraɗi (1997), ta nuna yadda auren kulle ya yaɗu a ƙarni na 20 bayan gushewar bauta, lokacin da zaman gida ya zama alamar ƴanci da wadata. Matan ƙauye da ke noma da ɗiban ruwa da itace ba su sami wannan sutura ba, kuma ba ma cewa rayuwarsu ta yi sauƙi. Amma ko a gona mace ita ke da iko da lokacinta fiye da ɗaliba a aji.

Akwai kuma wani abu da masu jawabai kan manta, shi ne yawan hailar kanta. Beverly Strassmann, wadda ta yi bincike a wani ƙauyen Dogon na ƙasar Mali a shekarun 1980, ta lissafa cewa macen Dogon takan ga haila kamar sau 100 a duk rayuwarta, alhali macen Amurka ta wannan zamani takan gani kamar sau 400. Dalili shi ne yawan ciki da doguwar shayarwa, wadda ke jinkirta dawowar jini. Dogon ba Hausawa ba ne, suna ma da ɗakin da mai haila take keɓewa a ciki, abin da babu shi a ƙasar Hausa. Amma sharuɗɗan da suka haifar da wannan lissafi, watau auren wuri da haihuwa a kai a kai da shayarwa ta kusan shekara biyu, su ne na kakanninmu. Ga mace mai aure, haila baƙuwa ce da ke leƙowa tsakanin yaye da sabon ciki.

Ita kuwa budurwa ba a barin ta ta daɗe tana gani. Ra'ayin da ya yaɗu shi ne bai kamata yarinya ta yi ta wanki a gidan ubanta ba, jinin farko alama ce ta cewa lokacin aure ya yi. Wannan ra'ayi bai gushe ba. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na shekarar 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15, jahar Maraɗi tana cikin waɗanda ke kan gaba. Abin lura a nan shi ne, tsohon tsari ya warware matsalar haila ta budurwa ne ta hanyar gajarta budurcin. Wannan shi ne babban aibinsa, kuma shi ya sa ba za a iya cewa a koma masa ba.

4. Lakwal ta zo

Sojojin Faransa sun shigo ƙasar nan a 1899, aka mai da ita mulkin mallaka sosai a 1922, aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Lakwal ɗin da Nasara suka kawo domin samar da tafintoci da magatakarda aka yi ta, watau domin maza. Sarakuna aka ɗora wa kawo yara, iyaye kuma suka riƙa ɓoye nasu, musamman mata. Makarantar ungozomomi ta Dakar, wadda aka buɗe a 1918, da makarantar horar da malamai mata ta Rufisque, wadda aka buɗe a 1938, sun karɓi ƴan mata daga duk Afirka ta Yamma ta Faransa, amma na Nijar ƴan ƙalilan ne a cikinsu. Lokacin da aka sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba, mata kuma su ne mafi ƙaranci.

Gwamnatocin bayan ƴanci sun kula da lafiyar mata, amma ta fuskar haihuwa. Shirin wayar da kan mata na karkara, wanda Guy Belloncle ya rubuta tarihinsa na shekarun 1966 zuwa 1976, ya horar da ungozomomi, ya koyar da tsabtar yankan cibi da abincin yara. Ƙungiyar Matan Nijar da aka kafa a 1975 zamanin Seyni Kunce ita ma uwa da matar aure ta sa a gaba. Yarinyar da ta balaga, ba ta yi aure ba, ba ta da ciki, ba ta da gurbi a cikin waɗannan shirye-shirye, saboda a lokacin irinta ba su da yawa.

Yawan nasu ya zo ne daga baya. Dokar tsarin ilimi ta 1998 da shirin shekara goma na bunƙasa ilimi da aka soma a 2003 sun buɗe makarantu a ƙauyuka da dama, ƴan mata suka shiga da yawan da ba a taɓa gani ba. A nan ne lissafi ya sauya. Yarinyar da ta fara haila tana da shekara 13 ko 14, idan ta zauna a karatu har ta kai ga bakaloreya, za ta ga jini kamar sau 70 a jere, watau fiye da rabin abin da Strassmann ta ƙirga wa macen Dogon a duk rayuwarta. A shekarar karatu ɗaya, daga Oktoba zuwa Yuni, kwanakin hailarta za su kai 45. A cikin waɗannan kwanaki ana so ta zauna sa'o'i a kan benci tare da maza, ta ɗaga hannu ta nemi izinin mushe kafin ta fita, ta kuma tashi zuwa allo idan an kira ta, bayanta yana fuskantar aji.

Ina za ta je idan ta fita? Binciken da UNICEF ta yi a makarantun Burkina Faso da Nijar a 2013 ya gano cewa kashi 77 cikin 100 na ɗalibai matan da aka tambaya a Nijar ba su da wurin sauya ƙunzugu a makaranta. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda aka faɗaɗa ilimi da gaggawa da kuɗi kaɗan. Bayan gobarar da ta ci azuzuwan zana a Yamai cikin watan Afrilu na 2021, da ta Maraɗi cikin Nuwamba na wannan shekara, inda yara fiye da 40 suka rasu gaba ɗaya, hukumomi sun ce akwai irin waɗannan azuzuwa kamar 36.000 a ƙasar. Makarantar da ba a yi wa bango ba da wuya a ce an haƙa mata salanga mai ƙofa da ruwa.

Daɗin daɗawa, kwaleji ba a kowane ƙauye yake ba. Yarinyar da ta ci jarrabawa akan tura ta garin da yake da shi, a damƙa ta ga mai masauki, wani lokaci dangi na nesa, wani lokaci baƙo. Ta rabu da kaka da gwaggo daidai shekarun da take bukatarsu, ba ta da ɗakin kanta, ba ta da igiyar shanya da za ta ce tata ce. Idan kuma ta san cewa labarin jininta na farko yana iya sa a cire ta daga lakwal a yi mata aure, to dole ta ɓoye shi har ga mahaifiyarta. Ta haka ne kunyar da a dā take da mafita ta koma shiru marar mafita.

5. Audugar kanti da darajar sefa

Audugar mata da ake amfani da ita sau ɗaya a yar ba tsohuwar aba ba ce ko a ƙasashen Turawa. Kamfanin Kimberly-Clark na Amurka ya fitar da Kotex wajen 1920, daga wani abin ɗaure rauni da aka yi amfani da shi a yaƙin duniya na farko. Irin wadda ake mannawa a jikin kamfai sai wajen 1970 ta bayyana. A Nijar ta fara ne a matsayin kayan farmasi da manyan kantuna, na matan ma'aikata da ƴan birni.

Tun da daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin abubuwan da ɗaliba ba ta da hannu a ciki. Faɗuwar kuɗin uraniyom a farkon shekarun 1980 ta jawo tsuke bakin aljihun gwamnati. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ake sayowa da kuɗin waje ya yi tsada. A kudancin ƙasa, inda kaya da yawa suke shigowa ta Ɗan Isa da Birnin Ƙonni da Magarya, kowace rufe iyaka takan taɓa kasuwa: wadda Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda aka ɗage a farkon 2024.

Shi ma ƙunzugu ya shiga kasuwa. Kaɗi da saƙar gida sun ja baya, atamfa da gwanjo suka maye gurbinsu, kuma yadi da yawa na yanzu roba ce da ba ta shan ruwa kamar auduga. A gari irin Damagaram, wanda ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa, wanke tsumma yana nufin sayen ruwa daga ƴan ga-ruwa. Sabulu ma saye ake yi. Tsumman da aka wanke da ruwa kaɗan, aka shanya a ƙarƙashin katifa ko a lungun ɗaki saboda tsoron ido da tsoron sammu, ba ya bushewa sosai, kuma damshi yana jawo ƙaiƙayi da ciwo. Abin da a dā ake cirewa daga dukiyar gida ya zama kuɗin da ake nema kowane wata, a hannun uba ko mai masaukin da yarinya ba za ta iya gaya wa abin da za ta saya ba.

6. Daga 1991 zuwa yau

Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi jerin gwano a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a cikin kwamitin shirya Taron Ƙasa. Wannan rana ita ce ta zama ranar matan Nijar. Shekarun da suka biyo baya sun kawo ƙungiyoyi masu zaman kansu da gidajen rediyo masu zaman kansu, sun kuma kawo yaɗuwar makarantun islamiyya na matan aure. Ousseina Alidou, a littafinta na 2005, ta nuna yadda malamai mata suka sami murya a rediyo da talabijin. A waɗannan wurare ana karanta babin haila da Hausa, a fili, mata suna tambaya ana ba su amsa. Ke nan wurin da aka fi sakin baki a kan haila a ƙasar nan shi ne wanda ake zargi da rufe bakin.

Ta ɓangaren hukuma, an sami binciken da ONU Femmes da abokan aikinta suka wallafa a 2017 kan tsabtar haila a jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Tilaberi. A watan Disamba na wannan shekara aka sa hannu kan dokar kare yarinya da tallafa mata a lokacin karatunta. Daga 2021 aka soma gina wa ƴan matan kwalejojin karkara wuraren kwana, irin na Kelle a jahar Damagaram. A wasu ƙasashe an bi ta hanyar farashi: Kenya ta cire harajin saye a kan audugar mata a 2004, ta kuma yi dokar raba ta kyauta a makarantun gwamnati a 2017, Najeriya ta cire harajin a kan wadda ake yi a cikin gida daga 2020.

Sai dai binciken da aka yi a wasu wurare yana gargaɗin kada a ɗauka rabon auduga kaɗai zai wadatar. A Nepal, Oster da Thornton (2011) sun raba wa ɗalibai abin tare jini, ba su ga wani sauyi mai yawa a zuwa makaranta ba. A Gana kuwa, wani gwaji da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa ƴan matan da aka yi wa bayani kan balaga kawai, ba tare da an ba su auduga ba, su ma zuwansu makaranta ya ƙaru bayan ƴan watanni. Wannan ya yi daidai da abin da tarihinmu ya nuna, cewa abin da yarinya ta rasa da ta bar gida ya haɗa da mai yi mata bayani da wurin keɓewa, ba tsumma kaɗai ba.

Kammalawa

Mun ga cewa abubuwa uku ne aka cakuɗa a cikin zancen haila, kuma kowane da tarihinsa. Hukuncin fiƙihu ya yi magana a fili, ya kuma kare karatun mai haila. Kunya da tsoron sammu sun fito ne daga tsarin zumunta da tsofaffin imani, kuma sun ƙara tsanani da aka raba yarinya da matan da ke yi mata bayani. Rashin abin hannu kuwa ya biyo bayan faɗaɗa lakwal ba tare da makewayi da ruwa ba, da kuma mayar da kayan haila hajar da ake shigowa da ita.

Idan haka ne, magani ma sai a rarrabe shi. Duk ajin da za a gina a madadin na zana ya kamata a lissafa shi tare da salangar mata mai ƙofa da tulun ruwa, a cikin kasafi ɗaya. Kowane kwaleji yana bukatar mace baliga, malama ko wata dattijuwa daga ƙungiyar iyaye mata, wadda aka san aikinta ne ta tsaya a matsayin gwaggo. Ƙunzugun da ake wankewa, idan teloli na gari suka ɗinka shi da auduga ta gaske, ya fi ƙarfin rufe iyaka, muddin an yaƙi tsoron shanya shi a rana, kuma a nan malamai maza da mata suna da abin faɗa daga littattafan da ke hannunsu. Haka nan ya kamata a riƙa gaya wa iyaye cewa jinin farko ba ya wajabta aure a cikin waɗannan littattafai.

Mu ma a jami'a akwai namu aiki. An soma gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. Muna da damar rubuta ɗan littafi da Hausa, da boko da ajami, wanda zai haɗa bayanin likita da na Ahalari a shafi ɗaya domin ɗaliban ajin ƙarshe na firamare. Muna kuma kira ga ɗalibanmu mata masu neman batun kundin digiri da su je su zauna da tsofaffin da suka yi budurci kafin 1960, a Tasawa da Madawa da Mirya da Dogon Dutsi, su ɗauki bayaninsu kan yadda aka gaya musu, da wanda ya gaya musu, da abin da suka yi amfani da shi. Waɗannan mata sun haura shekara 80 a yau, kuma takardun Nasara da ke ɗakin adana tarihi na Yamai ba domin irin wannan labari aka rubuta su ba.